Agogon Auna Bugun Zuciya: Ya Lalace Ne?

Tambaya: Ina gudu da agogon hannu mai auna bugun zuciya, amma wani lokaci lambar takan tashi daga 130 zuwa 175 alhali ban ƙara sauri ba. Shin ya lalace ne?

Amsa: Malam, da wuya a ce lalacewa ce. Irin wannan agogo yana haska fata da koren haske ne, ya ƙirga bugun daga yadda jini ke ƙaruwa da raguwa a jijiyoyi, saboda haka idan ya yi sako-sako, ko sanyi ya rage jini a fata, yakan ruɗe har ya ɗauki takun ƙafarka a matsayin bugun zuciya. Ka ɗaure shi daidai, kaɗan sama da ƙashin wuyan hannu, kuma ka riƙa goge busasshen gumi daga bayansa.

Ni dai na fi amincewa da madaurin ƙirji, wato bel mai ƙaramar na'urar auna bugun zuciya da ake ɗaurawa a ƙirji, domin lantarkin zuciya yake karantawa kai tsaye. Sai dai yana son kulawa: a jiƙa wurin da ke taɓa fata kafin a ɗaura, a ciro na'urar a ɗauraye madaurin bayan motsa jiki, a sauya batir idan lambobi suka fara ɓacewa.

Idan kuwa tashin ya zo da jiri ko ciwon ƙirji, ka dakata ka ga likita.