Motsa jiki a ɗaki ko a ajin mata?

'Yar'uwa, kin ce kina fara motsa jiki a ɗaki sai ki watsar bayan sati biyu, kina tambaya ko shiga ajin mata zai taimaka. Zai taimaka ƙwarai, ki shiga.

Mu 12 ne a ajinmu, muna haɗuwa bayan asuba ranar Laraba da Asabar. Ranar da na yi fashi, kafin hantsi wata Hajiya da ke tsayawa gefena ta kira ni: "Lafiya dai? Mun shimfiɗa miki tabarmarki." Yanzu har biki da suna muna zuwar wa juna. Sai dai ki nemi ajin masu farawa. In kika faɗa cikin tsofaffin hannu, minti 10 za ki fara haki, kunya ta hana ki dawowa.