Amsa kan takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma

Malam, ka ce ɗanka zai shiga jami'a, an nemi takardar shaidar ƙaramar hukumarsa, kana tambayar ta ina za ka fara. Fara daga gida: mai unguwa ya ba ka shaida, dagaci da hakimi su sa hannu, sannan ka kai sakatariyar ƙaramar hukumar da mahaifinku ya fito, ko da ba can kuke zaune ba. Tafi da hotunan fasfo da lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) ta yaron.

Kuɗin ya bambanta daga wuri zuwa wuri, amma don Allah kada ka biya ba rasit, kuma ka guji 'yan tsaye a bakin ƙofa. Kafin ka fito, duba sunan yaron da kyau, ya dace da wanda ke rajistarsa ta JAMB (hukumar jarrabawar shiga jami'a) harafi da harafi.