Me ya sa jiragen sama na farko marasa inji suka yi kama da jemage?

Tambaya: Malam, na ga wani tsohon hoto na wani Bature rataye a ƙarƙashin fukafukai irin na jemage, yana sama ƙafafunsa na reto. An ce tun kafin 'yan'uwan nan Wright ne. Da gaske mutane sun tashi ba inji? Kuma me ya sa jiragen wancan zamani suke da siffofi na ban mamaki? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, hoton nan ba haɗi ba ne. Yadda ka siffanta shi, Otto Lilienthal ka gani, injiniya ɗan Jamus, kuma abin da yake rataye a jiki shi ne jirgi mara inji, wanda Turawa ke kira gilaida.

Ka fara riƙe wannan: gilaida kullum saukowa take yi, a hankali. Nauyinta ne ke jan ta gaba, kamar keke a gangara, fiffike kuma yana mayar da wannan gudun ya zama ɗagawa. Idan ta dace da iskar da ke hawa sama fiye da saurin saukowarta, sai ta yi sama. Ka duba shirwa a saman mahauta da tsakar rana, tana zagaye ba ta kaɗa fiffike ko sau ɗaya. Zazzafar iskar da ke tasowa daga ƙasa take hawa.

Tun da daɗewa mutane sun lura da haka. Malamin tarihi al-Maƙƙari ya ruwaito cewa Abbas ibn Firnas na Ƙurɗuba ta Andalus, a ƙarni na 9, ya ɗaura fukafukai ya yi tafiya a sama, amma ya ji rauni a baya wajen sauka saboda bai yi wa kansa wutsiya ba. Wani ɗan zuhudun Kirista a Ingila, Eilmer na Malmesbury, ya yi irin haka a ƙarni na 11, ya tafi kimanin mita 200, ya karye ƙafafu biyu, shi ma wutsiyar ya ɗora wa laifi. Ruwayoyi ne da aka rubuta bayan aukuwar abin, amma ka lura duka biyun wuri ɗaya suka nuna: tashi ya samu, daidaito ne ya gagara. Wannan ce matsalar da ta haifi kusan duk siffofin da suka ba ka mamaki.

Wanda ya fara zama ya warware lissafin shi ne George Cayley na Yokshaya a Ingila. A 1799 ya zana a kan wani faifan azurfa jirgi mai fiffike kafaffe, da wutsiya, da abin turawa daban. Ya raba aikin ɗagawa da aikin turawa, alhali masu kwaikwayon tsuntsu suna neman fiffike ɗaya ya yi duka biyun. A 1853 jirginsa ya ɗauki babban mutum ya ƙetare wani ɗan kwari a Brompton. A Faransa kuma wani kyaftin na jirgin ruwa, Jean-Marie Le Bris, ya daɗe yana kallon albatiros, ƙaton tsuntsun teku, sai ya ƙera jirgi mai jiki kamar kwalekwale da dogayen fukafukai irin nasa. A 1856 ya ɗora shi kan amalanke, doki ya ja shi da gudu a bakin teku yana fuskantar iska. Hoton jirginsa na biyu da aka ɗauka a Brest a 1868 yana nan har yau.

To, ga mutumin hotonka. Lilienthal da ƙanensa Gustav sun taso a garin Anklam suna kallon fararen shamuwoyin Turai. Shekaru suka yi suna gwada fukafukai a kan wani hannu mai juyawa, suna auna ƙarfin iska, har suka tabbatar cewa fiffike mai ɗan lanƙwasa ya fi shimfiɗaɗɗe ɗagawa nesa ba kusa ba. Otto ya wallafa sakamakon a 1889, ya fara tashi a 1891 a Derwitz, tafiyar da ba ta wuce mita 25 ba. A 1894 ya sa aka tara masa tsauni na ƙasa mai tsayin mita 15 a Lichterfelde, gefen Balin, mai siffar malfa, don ko ta ina iska ta kaɗo ya sami gangarar da zai fuskance ta. Tsaunin yana nan.

Jirgin kansa tsumagun itace ne masu lanƙwasuwa aka ɗinke da yadin auduga, nauyinsa kusan kilo 20, faɗinsa bai kai mita 7 ba. Haƙarƙarin fiffiken suna bazuwa daga wuri ɗaya kuma suna naɗewa, shi ya sa ka ga kamannin jemage. Yakan zura hannuwansa cikin firam har gwiwa, ya kama sandar gicciye, ya sheƙa a gangara har ƙafafunsa su bar ƙasa. Ba sitiyari, ba linzami. In fiffiken hagu ya ɗaga, sai ya wurga ƙafafunsa hagu ya danne shi. In hanci ya yi sama, ya tura su gaba. Reton ƙafafun da ka gani tuƙi ne. Da haka ya yi tashi sama da 2,000, mafi nisa kimanin mita 250, har ya sayar da jiragen ga mutane a ƙasashe daban-daban.

Amma tuƙi da nauyin jiki yana da iyaka, kuma daga nan jirage masu hawa-hawa suka fito. Kana son fiffike mai yalwa don ya ɗauke ka a iska mai sauƙi, amma in ya yi faɗi da yawa, ƙafafunka ba za su iya rinjayarsa ba. Mafita ita ce a ɗora fiffike kan fiffike. Lilienthal ya yi mai hawa biyu a 1895. A Amurka, Octave Chanute, tsohon injiniyan gadojin jirgin ƙasa mai shekara 64, ya kai abin ƙarshe a 1896 a tuddan yashi na bakin tafkin Mishigan: jirgi mai fukafukai 12, da ya raɗa wa suna Katydid, sunan wani ƙwaro dangin fara. An yi fukafukan su riƙa motsawa da kansu in iska ta buge su. Bai yi abin kirki ba. Wanda ya yi aiki shi ne ƙaramin mai hawa biyu da suka haɗa da Augustus Herring, an ɗaure shi da sanduna da wayoyi gicciye kamar gada. A ganina wannan jirgi bai sami yabon da ya cancanta ba, don tsarinsa ne jiragen hawa biyu suka bi shekaru masu yawa.

Ranar 9 ga Agusta 1896, a tsaunin Gollenberg, iska ta ɗaga hancin jirgin Lilienthal, gudu ya ƙare, ɗagawa ta yanke. Ƙafafu ba su isa su gyara ba. Ya faɗo daga kusan mita 15, ya karye a wuya, ya rasu washegari a Balin yana ɗan shekara 48. Percy Pilcher na Birtaniya, wanda ya sa wa jiragensa sunaye irin su Jemage da Buzuzu da Shaho, ya mutu a 1899 da wutsiyar Shahon ta karye a sama. Daniel Maloney, wanda a 1905 aka saki daga balan-balan a tsayin kusan mita 1,200 a Kalifoniya cikin jirgin John Montgomery mai fiffike gaba da baya, ya sauka lafiya a ranar, amma ya mutu cikin jirgin a Yulin shekarar. Ina kawo sunayensu ne don kada hoton ya sa a ɗauka wasa suke yi.

Wanda ya fi burge ni bai kwaikwayi tsuntsu ba sam. Igo Etrich da Franz Wels, a ƙasar Bohemiya ta tsakiyar Turai, iri suka kwaikwaya, na wata shuka mai yaɗo ta tsibirin Jawa da ake kira Zanoniya. Irin yana da siririn fiffike kamar jinjirin wata, in ya faɗo daga bishiya sai ya yi ta shawagi ba ya kifewa, kuma ba shi da wutsiya. Sirrin yana ƙarshen fiffiken, da ya ja baya ya ɗan murɗe sama, yana yin aikin wutsiya. Suka ƙera jirgi a wannan siffa ya ɗauki mutum, daga gare shi kuma jirgin Etrich mai inji, Taube, ya fito a 1910.

'Yan'uwan Wright, masu gyara da ƙera kekuna a garin Dayton na Amurka, labarin mutuwar Lilienthal yana cikin abin da ya ja hankalinsu. Suka ajiye tuƙi da reton jiki, suka sa matuƙi ya kwanta rub da ciki yana murɗa ƙarshen fukafukai da wayoyi. Da jirginsu na 1901 ya ƙi ɗagawa yadda lissafi ya nuna, sai suka haɗa akwatin hura iska suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200. Na 1902 ya sami wutsiya mai juyawa, suka yi ɗaruruwan tashi da shi a Kitty Hawk, sannan suka ɗora inji a 1903. Tashin farko da injin daƙiƙa 12 ne. A 1911 Orville ya koma tuddan yashin Kitty Hawk da jirgi mara inji, ya tsaya a sama minti 9 da daƙiƙa 45.