Mai duba ya faɗa min abin da ban gaya wa kowa ba: baiwa ce ko damfara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Watannin baya na shiga wani hali na damuwa, sai wata ƙawata ta haɗa ni da wani mai duba ta waya. Bai taɓa ganina ba, amma cikin minti ashirin ya ce min ina da damuwar da nake ɓoye wa mutane, akwai wanda na yarda da shi ya ci amanata, kuma akwai mamaci a danginmu da ciwon ƙirji ko na ciki ya yi ajalinsa. Duk haka ne, har kuka na yi. Yanzu ya ce akwai wani duhu da ke bi na, sai na tura kuɗi ya yi aiki a kai. Yayana ya ce duk 'yan damfara ne. To in haka ne, ta yaya ya san waɗannan abubuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da na gaggawa: kada ki tura kuɗin nan. Hukuncin addini kan zuwa wurin masu duba kuwa na bar wa malamai, fagensu ne. Ni fagena nazarin halayyar ɗan Adam, kuma ta nan zan amsa miki.

Kukan da kika yi ba na wauta ba ne. Masu digiri da manyan ma'aikata sun yi irinsa. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Bertram Forer ya ba ɗalibansa 39 wasu tambayoyi na gano hali, ya ce zai rubuto wa kowa bayanin halinsa shi kaɗai. Da ya raba musu takardun sai ya ce kowa ya ba da maki, daga sifili zuwa biyar, gwargwadon yadda bayanin ya dace da shi. Matsakaicin makin ya kai 4.3. Nan ya karanto jimlar farko ya ce duk mai irinta a takardarsa ya ɗaga hannu, ashe rubutu ɗaya ne ya raba wa ajin duka, kuma daga wani littafin duban taurari da ya saya wurin mai jarida ya tsinto yawancin jimlolin. Maganganu ne irin su: kana son mutane su so ka, kana yawan ganin laifin kanka, wani lokaci kana kokwanton ko shawarar da ka yanke daidai ce. An maimaita gwajin nan sau da dama a ƙasashe daban-daban, kuma sakamakon bai cika sauyawa ba.

Yanzu ɗauki maganganu ukun da aka yi miki ki auna su da wannan ma'auni. Wa zai kira mai duba alhali ba shi da damuwa? Kiran da kika yi ma ya riga ya ba shi amsar farko. Wane baligi ne ba a taɓa cin amanarsa ba? Na ukun shi ne ya fi burge ni don wayonsa: ƙirji da ciki su ne mazaunin zuciya, huhu, hanta, ƙoda da hanji, kuma ciwon zuciya shi ne kan gaba wajen kashe mutane a duniya. Da wuya a sami dangin da ba su rasa wani ta ɗaya daga cikin waɗannan ba. Bai faɗi suna ba, bai faɗi shekara ba, bai ce namiji ne ko mace ba. Fanko ya miƙo miki, ke kika zuba masa suna da fuska da ranar rasuwa, sannan kika karɓe shi a cike kina mamakin yadda ya san abin da ke ciki.

Bayan haka akwai abin da kika ba shi ba da saninki ba. Shirun da kika yi, ajiyar zuciya, rawar murya, ɗan "eh" da ya kubce miki, duk jagora ne a gare shi: inda ya ji kin motsa sai ya danna, inda ya ji kin yi sanyi sai ya zame ya kama wata magana. Wannan ba ya ma bukatar mutum. A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a Berlin mai suna Hans da ake cewa ya iya lissafi, yana buga ƙafa har ya kai adadin amsar. A 1907 wani mai bincike, Oskar Pfungst, ya nuna cewa dokin jikin mai tambaya yake kallo: da ya iso amsar sai mutumin ya ɗan saki jiki, shi kuma ya daina bugawa. Idan mai tambayar bai san amsar ba, dokin ma sai ya rikice. In doki ya iya wannan, ina ga mutumin da ya shafe shekaru yana magana da masu damuwa kullum?

Ina kuma da yaƙinin ya faɗi wasu abubuwan da ba su yi daidai ba, sai dai ba su kika kawo min ba. Haka ƙwaƙwalwa take, tana riƙe wanda ya dace, ta zubar da saura. Duk wanda ya naɗi irin wannan zama ya saurara daga baya da biro a hannu, abu biyu yake tararwa: kurakuran sun fi yadda yake tunawa yawa, kuma rabin abin da ya ɗauka an faɗa masa tambaya ce aka yi masa. "Ba aikin da ya shafi yara kike yi ba, ko?" In kin ce shi nake yi, ya ce abin da ya gani ke nan. In kin ce a'a, ya ce dama ya faɗa.

Sai hanyar da ta fi duka rashin kunya, wato tattara labarin mutum tun kafin ya zo. Ƙawar taki me ta gaya masa lokacin da take haɗa ku, ko da da kyakkyawar niyya? Me lambar wayarki za ta nuna wa wanda ya neme ki a Facebook? A 1986 James Randi, wani gwanin rufa-ido da ya koma tona asirin masu irin wannan iƙirari, ya kama wani mai wa'azi a Amurka, Peter Popoff, wanda ke kiran sunayen mutane da cututtukansu da adireshinsu a tsakiyar taro. Ashe matarsa ce ke karanto masa ta rediyo zuwa wata 'yar na'ura da ke cikin kunnensa, daga katunan da mutanen suka cike da hannunsu a bakin ƙofa.

Amma a nan zan ɗan saɓa da yayanki. Ba dukansu ne suka san ƙarya suke yi ba. Ray Hyman, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Oregon, duban tafin hannu yake yi yana matashi don ya sami na kashewa. Da farko bai yarda da abin ba, amma yawan yabon da yake sha ya sa ya fara gaskata kansa. Wata rana wani abokinsa ya ba shi shawara ya riƙa faɗa wa mutane kishiyar abin da layukan hannu suka nuna. Ya gwada, sai ya ga sun gamsu kamar da, babu abin da ya ragu. Abin da ya tura shi karatun halayyar ɗan Adam ke nan. Irinsa na da yawa: mutane masu saurin fahimtar yanayin wasu, waɗanda kullum ake ce musu "wallahi haka ne", har suka ɗauka baiwa ce. Ba macuta ba ne a zuciyarsu, sai dai ikhlasinsu bai ƙara wa maganarsu gaskiya ba.

To ko an taɓa samun na gaske? An nema, kuma ba da wasa ba. Tun 1882 aka kafa ƙungiyar binciken irin waɗannan al'amura a Landan. Randi ya sa kyautar dala 1,000 a 1964 ga duk wanda ya nuna wannan baiwa a gwajin da shi da mai iƙirarin suka amince da sharuɗɗansa tun farko. Kuɗin ya kai dala miliyan ɗaya a 1996, aka rufe gasar a 2015. Mutum sama da dubu suka nema, ba wanda ya tsallake ko gwajin share fage. Gwamnatin Amurka ita ma ta kashe kimanin dala miliyan 20 cikin shekara ashirin da 'yan kai a wani shiri da ya ƙare da sunan Stargate, tana fatan masu "hangen nesa" za su leƙo mata asirin abokan gaba. A 1995 hukumar leƙen asiri ta CIA ta sa aka duba aikin, aka tarar bai taɓa samar da bayanin da aka yi aiki da shi ba, aka rufe shi. Adalci ne in ce ɗaya daga cikin masu bitar, Jessica Utts, ta ce a ganinta alƙaluman ɗakin gwaji sun nuna abin na gaske ne. Haka ma a 2011 Daryl Bem na Jami'ar Cornell ya wallafa gwaje-gwaje tara da ya ce suna nuna mutum na iya jin abin da bai faru ba tukuna, amma da wasu masana uku a Birtaniya suka maimaita ɗaya daga cikinsu a 2012, ba su ga komai ba. Kullum haka labarin yake tafiya: da an toshe ƙofofin leƙe, sai baiwar ta yi ta ƙanƙancewa. Kuma ko masu kare waɗannan alƙaluma, ɗan bambanci kaɗan suke magana a kai wajen cankar hoto ɗaya cikin huɗu, ba mutumin da zai ɗaga waya ya karanto miki rayuwarki ba.

Kuskurensu kuma yana da tsada. A 2004 shahararriyar mai duba Sylvia Browne ta gaya wa wata uwa a shirin talabijin cewa 'yarta da ta ɓata a birnin Cleveland ba ta raye. Uwar ta rasu a 2006. A 2013 yarinyar ta kuɓuto da ranta daga gidan da aka tsare ta shekara goma.

Shi kuwa naki, maganar "duhu" ita ta fitar da shi daga sahun masu ruɗin kai ta saka shi inda yayanki ya ajiye shi. Tsohon salo ne: a fara da abin da zai sa ki yarda, a gano miki matsalar da ba mai ganinta sai shi, sannan a sa mata farashi. In kin biya, za a ce aikin ya ci karo da abin da ya fi ƙarfi, a ƙara kuɗi, a kuma gargaɗe ki kada ki gaya wa kowa don kada aikin ya karye. A 2013 wata kotu a Florida ta sami wata mai duba, Rose Marks, da laifin zamba, a 2014 aka yanke mata ɗaurin shekara goma. Ita da danginta sun karɓe miliyoyin daloli ta hanyar gaya wa mutane cewa sai an "tsarkake" kuɗinsu sannan a mayar musu.

Ki sa rai cewa da kin ƙi turawa muryarsa za ta sauya, daga lallashi zuwa tsoratarwa: wani abu zai same ki, ko 'ya'yanki. Kada ki tsaya gardama da shi, gardama ce abincinsa. Ki adana saƙonninsa, ki toshe lambar, ki nuna wa yayanki, in barazanar ta ci gaba ku kai ƙara wurin hukuma. Ki kuma tambayi ƙawar taki, cikin natsuwa, nawa ita ta riga ta tura masa. Damuwar da ta sa kika ɗaga waya tun farko tana nan, ba a taɓa ta ba. In ta kai ga hana ki barci ko cin abinci har tsawon mako biyu, ki je ki ga likita, ki ba shi labarin tun daga tushe.