Tambaya da Amsa: In na sa tiraka da kyamara a mota, za a rage min kuɗin inshora?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, watan jiya Allah ya hore min Corolla 'yar Kwatano, to wani abokina da ke zaune a Ingila ya ce min su a can in ka sa tiraka, wato na'urar gano inda mota take, ko kyamarar nan ta jikin gilashin gaba kamfanin inshora rage maka kuɗi yake yi, shi ne na je wajen mai wayarin ya ce zai haɗa min duka biyun, amma kafin in zuba kuɗina nake so in ji, mu ma nan ana ragewa ko dai labarin Turai ne? Inshorar da na yanka ta N15,000 ɗin nan ce. Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa alheri ya tsare hanya. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma a kan takardar da ke hannunka ko sisi ba za a rage maka ba, ko da tiraka goma ka jera a motar.

Wannan ta N15,000 ita ce ake cewa tad fati, kuma farashinta ba kamfani ne ke yankewa ba, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ce ta ƙayyade, da N5,000 ne aka mayar da shi N15,000 daga 1 ga Janairun 2023, aka kuma ɗaga diyyar dukiyar wanda ka yi wa ɓarna daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. To ka lura, wanda ka buga ake biya, kai da motarka ba ku ciki. In aka sace Corollar nan gobe, Allah ya kiyaye, kamfanin babu ruwansa, to don me zai saka maka saboda ka sa abin da zai taimaka a gano ta? Ba asararsa ka rage ba ai.

Inda maganar ragi ke da ƙofa shi ne cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa da sata da gobara da lalacewar motarka kai kanka. Nan kam kamfani na son tiraka don in an gano mota ya huta da biyan kuɗinta. Sai dai nan ɗin ma akwai iyaka, sanarwar da ta kawo N15,000 ita ce ta ce kuɗin cikakkiyar inshora kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota, bayan an cire duk wani ragi. Mu ɗauka motarka ta miliyan 8 ce, kashi 5 ɗinta N400,000 ke nan a shekara. In kamfani ya fara maka da kashi 6, wato N480,000, akwai N80,000 da za ku yi ciniki a kai, ka ce ga tiraka na sa, ga gareji mai maigadi, kai ɗan Kwari ne ba sai na koya maka ba. Amma in tun farko a kashi 5 ya tsaya to ya riga ya kai ƙasa, duk ejan ɗin da ya ce zai yi maka kashi 2 saboda tiraka ka bincike shi da kyau, arha ba ta ado. Abin da aka fi gani a nan ma ba ragi ba ne, wasu kamfanonin su suke liƙa maka tirakar a cikin yarjejeniya in motar mai tsada ce, wasu kuma sharaɗi suke mayar da ita, to wannan sharaɗin shi za ka karanta da idon basira, don in an rubuta dole tiraka ta kasance tana aiki kai kuma ka bar layin da ke cikinta ya mutu, ranar biya za su iya kafa maka hujja da shi. Duk alkawarin da aka yi maka ka ce a rubuta a takarda, na baka ba ya zuwa ko'ina.

Shi kuwa abin da abokinka ke gani a Ingila yawanci wata ƙaramar na'ura ce da ke auna yadda kake tuƙi, gudunka, yadda kake taka birki, ko kana yawon dare, an fi sa wa matasa sababbin direbobi don su inshorarsu tsada gare ta sosai, mai natsuwa a rage masa mai ganganci a ƙara masa. Ka ƙaddara a sa wa direbobin hanyar Kano zuwa Zariya irin wannan, ai sai na'urar ta nemi hutu.

Duk da haka ni dai ina ganin ka sa tirakar, don motarka za ka sa ba don ragi ba. Ka dai san layin waya take amfani da shi, inda babu sabis ba za ta faɗa maka komai ba, ka tuna lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021. Kuma ka tsaya a kan mai wayarin ɗin. Ni na taɓa ba wani yaro ya sa min, ashe a wayar da bai kamata ba ya jona ta, kwana uku ina tashi da safe batir ya mutu murus, yara na tura ni a layi da kayan makaranta a jikinsu, sai da wani dattijon bakanike ya kwance ƙasan sitiyari ya nuna min wayoyin an murɗe su da hannu an naɗe da leda, ko salatif babu.

Sannan tunda ka ce ka yanki ta N15,000, ka danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motar ka ga ko tana cikin rumbun bayanan inshora na ƙasa da ake kira NIID, don na bogi sun yi yawa a bakin ofisoshin lasin, ga shi 'yan sanda sun fara matsawa a kanta tun 1 ga Fabrairun 2025. In kuma zuciyarka ba ta kwanta da inshorar gargajiya ba akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, kamfanoni irin su Noor da Jaiz suna yin ta mota.

TAMBAYA: Malam ni kyamarar ce damuwata. Direba ke kai min yara makaranta, sau biyu ana goge mana mota yana cewa mai Adaidaita ne, in na sa kyamara za a karɓi bidiyon a matsayin shaida? Daga wata uwa a Kaduna.

AMSA: Hajiya ki sa, ke kam kin fi Alhajin sama buƙatarta. Dokar shaida ta 2011, sashe na 84, ta yarda da abin da na'ura ta ɗauka in an cika sharuɗɗansa, amma yawanci ma ba a kaiwa kotu, da an nuna bidiyo a waya a gaban ɗan sanda ko ma'aikacin inshora musu ya ƙare. A Rasha saboda irin wannan rigimar masu mota da yawa suka sa, shi ya sa da dutse ya faɗo daga sama a Chelyabinsk a 2013 kyamarorin motoci ne suka ɗauke shi ta ko'ina.

Ki sani dai ba ta da ɗangi, in direbanki ne ya kutsa shi za ta nuna, don haka ki faɗa masa kin sa, kar ki ɓoye, wani lokacin sanin tana nan kaɗai ya isa ya gyara masa tuƙi. Ki nemi mai ido biyu, gaba da baya, tunda gogar Adaidaita ta gefe da baya ta fi yawa, ki kuma tambayi mai jure zafi don ranar Kaduna kan kumbura batirin masu arha a jikin gilashi. A saita kwanan wata da lokaci daidai. Kuma da katin ya cika sabon ɗauka yake hawa kan tsoho ya goge shi, to ranar da wani abu ya faru kar ki ce sai gobe, a zare katin a wurin a kwafe bidiyon a wayarki kafin motar ta sake fita.