Masu shiga shafina ba su da yawa, zai iya kawo mini kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina rubutu da Hausa a kan kiwon kaji a shafina na intanet. Ana buɗe shi kamar sau 10,000 a wata, yawanci daga Kano, Kaduna da Katsina. Kuɗin data da na ajiye shafin duk daga aljihuna suke fita. Abokaina sun ce in sa tallan Google. Zai biya ni, ko in haƙura sai mutane sun ƙaru? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Shekara biyu kana ilmantar da mutane da kuɗinka, Allah ya saka maka da alheri. Kuɗi kam za su iya fitowa, amma ba ta ƙofar da abokanka suka nuna maka ba.

Tallan Google da suke nufi shi ne AdSense, wanda aka fara a 2003. Mai talla yana biyan Google, Google ya ba mai shafi kusan kashi 68 cikin 100. Ana lissafin ne a kan kowane buɗewa dubu, kuma mai karatu daga Amurka ko Ingila ya fi na Najeriya tsada nesa ba kusa ba, domin can masu talla suka fi zuba kuɗi. Mu ƙaddara dubu ɗaya tana ba ka dala 1. Wata guda dala 10 ke nan. Google kuwa ba ya biya sai kuɗinka sun kai dala 100, wato sai ka jira wata goma kafin ka ga sisi, bayan an aiko maka da lambar tantance adireshi ta gidan waya. Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan: Hausa ba ta cikin jerin harsunan da AdSense ya amince da su. Larabci, Turanci, Faransanci da Urdu suna ciki, namu babu. Za ka ga shafukan Hausa ɗauke da tallan, amma a kan siraɗi suke tafiya. Na san wani matashi da ya riƙa roƙon abokansa su danna masa talla, ana gab da biyansa aka rufe asusun da kuɗin a ciki. Ina roƙonka kada ka gwada wannan.

To ina mafita? Ka daina ƙirga mutanenka, ka duba su wane ne. Wanda ya buɗe shafinka da tsakar dare yana neman abin da ya sa kajinsa ke zawo da jini ba yawon buɗe ido ya zo ba. Mutum ne mai jari a keji, gobe da safe zai fita sayen magani. Yana sayen abinci buhu-buhu, yana odar 'yan tsaki katan-katan, guda 50 a kowane katan, yana neman rigakafin Gumboro da Lasota. A wurin Google shi ɗaya ne cikin dubu. A wurin mai shagon abincin kaji da ke Sabon Gari kuwa, kwastoma ne na shekara da shekaru.

Don haka mai shagon za ka je wa, da ƙafarka. Ka buɗe masa wayarka ya ga alƙaluman: ga yawan masu shiga, ga garuruwansu, ga rubutun da aka fi karantawa. Ka ce masa, "Alhaji, zan sa sunan shagonka da lambarka a ƙarƙashin rubutuna na abincin kaji tsawon wata guda, duk wanda ya kira ka tambaye shi inda ya samu lambar." Watan farko ka yi masa rangwame sosai, domin shaida kake nema. In waya ta yi ƙara, shi da kansa zai neme ka a wata na biyu. Haka za ka yi da dillalin da ke kawo 'yan tsaki daga Ibadan, da mai ƙera keji, da likitan dabbobi. Ka kuma lura da lokaci: kajin nama suna isa yanka a sati 6 zuwa 8, saboda haka wata biyu kafin Sallah masu kiwo ke zuba 'yan tsaki, a lokacin ne tallanka ya fi daraja.

Hanya ta biyu ita na fi so, saboda babu mai iya rufe maka ita. Ka tattara abin da ka rubuta ka mai da shi ɗan littafi: jadawalin rigakafi daga rana ta farko, yadda ake ɗumama 'yan tsaki a hunturu, lissafin buhun abinci na kaji 100. Ka sa shi a Selar, wato shafin da ake sayar da littattafai ta intanet, ko mutum ya tura kuɗi asusunka ka aika masa ta WhatsApp. In mutum 30 suka saya a naira 2,000, ka tashi da 60,000. Cikin masu buɗe shafi sau 10,000, mutum 30 ba abin da ya gagara ba ne.

Batun kamasho, wato ladan da kamfani ke ba ka in an sayi kayansa ta mahaɗin da ka sa a shafinka, ba zan daɗe a kai ba. Jumia da Konga sun yi irin wannan tsari, Amazon ma tun 1996, sai dai masu karatunka a kasuwa suke sayen dusa, ba a can ba.

Abu ɗaya nake jin tsoro a kanka. Da zarar an san shafinka, masu tallan caca da manhajojin bashi da ruwa za su zo, kuma kuɗinsu ya fi na mai shago kauri. Haka masu maganin da ba shi da lambar NAFDAC. Mutumin da ya rasa kaji 200 saboda maganin da ya gani a shafinka ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa duk majalisarsu. Abin da ba ka gwada a kejinka ba, ko ba ka ga amintacce ya gwada ba, kada ka ɗora sunanka a kai. Wanda aka biya ka kuma, ka rubuta "talla" a samansa ƙarara.

A wannan satin, ka buɗe tashar WhatsApp ka sa mahaɗinta a ƙarshen kowane rubutu, sannan ka fitar da rubutu biyar da aka fi karantawa. Da su za ka shiga shagon farko.