Amsa: Bincike kan rayuwar ƙaramin soja

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ko aikin digiri kan soja zai tsayu a kan rayuwar kurtu ta yau da gobe, ba a kan janar-janar da taswirar fagen daga ba. Zai tsayu sarai. Ɗauki mutanenmu da Turawan Ingila suka kwasa zuwa yaƙin Bama (ƙasar Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu) cikin runduna ta 81 da ta 82. Rahoton hafsoshi zai gaya maka ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan na ƙasar Burma a 1944, amma nauyin kayan da suka ɗauka a ka, sai bakin wanda ya ɗauka.

Sharaɗi ɗaya: kada ka dogara da hira kaɗai. Na taɓa zama da wani tsohon soja, ya kwashe awa biyu yana ba ni labarin ruwan sama, jiƙaƙƙen takalmi da buhunan abincin da jirgi ke jefo musu, amma shekarar dawowarsa ta kuɓuce masa. Sai da jikarsa ta zaro takardar sallamarsa daga ƙasan akwati. Ka gwada kowace hira da takardun gidan adana tarihi na Kaduna.